Tsakanin aƙida da tukunyar Inna

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kwantiragi ne a wata kwalej a nan Damagaram, lissafi nake koyarwa. Tun ina jami'a na ɗaukar wa kaina alƙawari uku: ba zan sayar da maki ba, ba zan karɓi ko dala daga hannun ɗalibi ko iyayensa ba, kuma ba zan yi darasin kuɗi na gida ba, don a ganina shi ke sa ɗan mai hali ya wuce, ɗan talaka ya tsaya. Kullum bayan Magariba ina tara yaran unguwa a zauren gidanmu ina koya musu kyauta, alli da kaye (littafin rubutu) da batirin fitila duk daga aljihuna. Abokan aiki suna kirana "ideyalis", wasu da dariya, wasu da haushi. Bara wani uba ya zo da ambulan don in ɗaga wa ɗansa maki. Na ƙi, na kuma faɗa a taron malamai cewa akwai masu karɓa a cikinmu. Tun ranar gaisuwa ma da ƙyar ake amsa mini. Babanmu ya rasu, kuɗinmu na wata kan yi jinkiri, Inna ce ke riƙe da gida da ƙannena biyu da sana'ar ƙuli-ƙuli. Kawuna yana da shago a Kasuwar Dole, ya ce in ajiye alli in zo in riƙe masa, shi zai ɗauki nauyin aurena. Yarinyar da nake nema ta daɗe tana jira, iyayenta sun ce in fito ko su ba wani. Rannan ta ce da ni: "Kana son 'ya'yan duniya duka, amma ban ga inda ka ajiye mu ba." Na fara jin kowa ya lalace sai ni, kuma wannan tunanin yana ba ni tsoro. Malam, riƙon aƙida nake yi ko taurin kai? In na sassauta, ban ci amanar kaina ba?

Wani malamin makaranta daga Damagaram

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Inda na fi daɗewa a takardarka shi ne wurin da ka ce ka fara jin kowa ya lalace sai kai, tunanin kuma yana ba ka tsoro. Ka gode wa Allah da wannan tsoron. Wanda girman kai ya gama cinyewa ba ya jin sa. Tunda kai kana ji, da sauran gyara, kuma gyaran bai kai wahalar da kake zato ba.

Sunan "ideyalis" da abokan aikinka suka laƙaba maka tsohon suna ne, yana kuma da fuska biyu. A wurin masana falsafa, ra'ayi ne da ke cewa tushen gaskiya yana cikin tunani da ma'ana, abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa kuwa biye yake. Wanda aka fi jingina wa wannan ra'ayi shi ne Aflatun na birnin Atina a ƙasar Girka, wanda ya rasu wajen shekara ta 347 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kai mai koyar da lissafi ba sai an sha wahalar fahimtar da kai ba. Tuna da'irar da kake zanawa a allo: ka dafe zare da babban yatsa, ka zagaya da alli, allon yana da kwarmi, allin ya karye ana tsaka da tafiya, layin ya yi kauri nan, ya yi siriri can. Ba ka taɓa zana cikakkiyar da'ira ba, ba kuma wanda ya taɓa. Amma wadda ke cikin kanka, wadda kowane ɗigo nata tazararsa ɗaya da tsakiya, da ita kake auna ta allon, da ita kuma kake fitar da lissafin da ba ya kuskure. Aflatun ya ce haka adalci yake, haka nagarta take: akwai cikakkunsu, abin da muke gani a duniya kwaikwayonsu ne. Daga baya wasu sun kai maganar nesa, kamar George Berkeley ɗan ƙasar Ailan, wanda ya rubuta a 1710 cewa samuwar abu ita ce a tsinkaye shi. Wannan muhawarar ta ajin falsafa ce, ba ita ake nufi da kai a ɗakin malamai ba.

Abin da suke nufi shi ne mutumin da ke tafiyar da rayuwarsa bisa yadda ya kamata duniya ta kasance, ba yadda ya tarar da ita ba. Mai faɗa da dariya yana cewa ne ba ka san rayuwa ba tukuna. Mai faɗa da haushi kuwa, ina kyautata zaton ka tuna masa da wani alƙawari ne da shi ma ya taɓa ɗauka a shekarunsa na farko. A wurina ni ba zagi ba ne, kuma lakwal, wato makarantar boko, da babu ko mutum ɗaya mai irin wannan hali a cikinta ta zama wurin zaman jiran ƙarshen wata. Sai dai ka lura da abu ɗaya. Ba ka taɓa sallamar yara gida don da'irar allo ba ta cika ba. Kana aiki da ita yadda take, kana gyara ta iya ƙoƙarin hannunka. Mutane ne kaɗai ka hana wa wannan uzurin, har da kai kanka.

Alƙawuranka uku ka haɗa su ka ɗaure wuri ɗaya, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farkon ba ma batun ra'ayi ba ne. Sayar da maki ha'inci ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Yaron da ya ci 6 bisa 20 aka mayar masa 12, an cuci wanda ya kwana yana karatu, an kuma cuci shi yaron, domin ranar jarrabawar BEPC ta kammala kwalej, inda ake rufe sunan mai takarda kafin a gyara, ba ambulan ɗin da zai shiga ɗaki ya yi masa lissafi. A kan wannan kada ka matsa ko taki ɗaya, ko da Kawu ne da kansa ya roƙe ka. Na biyun ma yana da tushe mai ƙarfi muddin ɗalibin da makinsa ke hannunka ne. Ka san labarin ma'aikacin zakka da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Uban da ya aiko maka da zabi biyu ana gab da rubuta sakamako, kujerarka ya aiko wa. Ka mayar, da fara'a da godiya.

Na ukun ne nake da ja a kansa. Wannan doka ce da kai ka kafa wa kanka, ba addini ne ya hana ba, ba kuma mutunci ba. Karɓar lada a kan koyarwa halal ne, har a kan karantar da Alƙur'ani malamanmu na Malikiyya sun halatta, kuma kuɗin Laraba da ake kai wa malamin allo bai taɓa zubar da darajarsa a garin nan ba. Damuwarka ta gaskiya ce, darasin kuɗi yana faɗaɗa tazara tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka. Amma ƙin da ka yi bai rage tazarar ba, ɗan alhajin wani malami ya samu. Inda abin yake ɓaci shi ne malami ya rage ƙoƙari a aji don yara su biyo shi gida da kuɗi, ko ya koya wa 'yan darasinsa ainihin tambayoyin da zai fitar. Maganin wannan sharaɗi ɗaya ne: ba za ka karɓi kuɗin darasi daga yaron da kake ba maki ba. 'Yan wasu makarantu masu shirin BEPC ko bakaloriya suna nan da yawa daga Birni har Sabon Gari, kuma malamin lissafi mai riƙon amana ba ya rasa masu nema.

Yanzu ga maganar da na fi so ka saurara, ko da za ta ɗan yi ɗaci. Kowace aƙida tana da kuɗinta, kuma dole a tambayi wa ke biya. A takardarka ka ce alli da kaye daga aljihunka suke fita. Ni kuwa da na bi lissafin, sai na ga daga kaskon Inna suke fita. Ita ce ke tashi da asuba ta soya gyaɗa, ta murza tunkuza har mai ya fita, ta zauna gaban wuta hayaƙi na cin idonta, ta ƙirga 'yan dalolin ta ware na ɗan garuwa, a garin da kowa ya san abin da jarkar ruwa ke zama in bazara ta kama. Duk jaka ɗaya da ka ƙi nema ta halal, ita ce ke nemo ta. Ta taɓa cewa ta yarda da wannan rabon? Ka taɓa tambayar ta? Uwa ba za ta faɗa ba, za ta ce Allah Ya yi maka albarka ta ci gaba da suya, amma shirunta ba ya nufin nauyin bai danne ta ba. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya so ya yi sadaka da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi aka hana, aka tsayar da shi a kashi ɗaya cikin uku, aka ce shi ma da yawa, domin barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Niyyar Sa'adu ba ta da aibi, amma an sa mata iyaka saboda haƙƙin na gida. Hausawa ma sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Wani masanin Jamus, Max Weber, ya yi wa ɗalibai lacca a birnin Munich a 1919, ya raba masu ɗabi'a gida biyu. Akwai wanda ke cewa ni dai na yi abin da yake daidai, abin da ya biyo baya ba ruwana, laifin duniya ne. Akwai kuma wanda ke ɗaukar alhakin abin da aikinsa zai haifar, tun da ya san halin mutane da raunin su. Ya ce cikakken mutum sai ya haɗa biyun. Kai na farkon ya yi ƙarfi a jikinka, na biyun ne ke neman a ciyar da shi.

Wannan ya kawo mu ɗakin malamai. Ƙin karɓar ambulan daidai ne, ina kuma jinjina maka. Amma da ka tashi a taro ka ce akwai masu karɓa a cikinmu, ba suna, ba hujja, kowa da ke zaune ka shafa wa baƙin fenti. Mai karɓa ya ɓuya cikin jama'a, wanda bai taɓa karɓa ba ya tashi da tabon da bai ji ba bai gani ba. Ina da yaƙinin a cikin masu ɗaure maka fuska akwai masu hannu mai tsabta kamar naka, waɗanda da sun zama abokan tafiyarka. Akwai kuma mai 'ya'ya shida da gidan haya, wanda shi ma kuɗinsa ke jinkiri kamar naka. Wannan ba ya halatta masa haram, amma ya isa ya sa ka tausasa murya. An ruwaito cewa ɗan Halifa Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, ya matsa wa mahaifinsa ya kawar da duk zalunci lokaci guda. Uban ya ce kada ya yi gaggawa, ya tuna masa cewa giya ma a hankali aka haramta ta, ya ce yana tsoron ya ɗora wa mutane gaskiya gaba ɗaya su yi watsi da ita gaba ɗaya. Umar ne fa, wanda ake buga misali da adalcinsa.

Don haka ka koma ka gyara zumunci ba tare da ka janye matsayinka ba. Ka samu babba a cikinsu, wanda ake jin maganarsa, ka ce masa kalaman da ka yi a taro sun haɗa da waɗanda ba su da laifi, kana neman afuwa a kan wannan. Ka riƙa zuwa sunansu da ta'aziyyarsu, ka zauna a sha shayi da kai, in suna adashi ka shiga. A ajinka kuma ka sa tsarin da zai kare ka ba tare da wa'azi ba: ka rubuta rabon maki na kowace tambaya a allo, ka mayar wa kowane yaro takardarsa ya duba a gaban 'yan'uwansa, ka ajiye kwafin sakamako a wurinka. Uban da ya san ɗansa da dukan aji sun riga sun ga makin, ba zai ɗauko ambulan ba. In malami ɗaya ko biyu suka ga tsarin ya sauƙaƙa maka rayuwa suka ɗauka, ka yi aikin da jawabin taro bai yi ba.

Ka dubi abin da ya faru a ƙasar nan tamu. Bayan fari da yunwar 1984, gonaki da yawa sun zama fili fetal. Manoman Maradi da na kudancin Damagaram, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture maimakon sassabe shi, suna rage rassan suna kula da mafi ƙarfi, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan kadada miliyan 5. Da a 1984 wani ya ce haka za ta faru, da an kira shi da sunan da ake kiran ka. Abin ya ɗore ne saboda kowane manomi ya ga amfaninsa a gidansa: itacen girki ga mata, 'ya'yan gawo ga dabbobi, ganyen da ke zuba ya zama taki ga hatsi. Aikin alherin da ke ciyar da mai yin sa shi ke kai shekaru. Darasinka na zaure, a yadda yake yanzu, ranar da ka kwanta zazzaɓi ko ka yi aure zai mutu. Ka rage shi zuwa dare uku a mako. Ka tara iyayen yaran ka ce karatu kyauta ne, amma alli da batir nasu ne, kowa ya kawo abin da zai iya, wani dattijo a cikinsu ya riƙe asusun, kada kuɗin ya bi ta hannunka. Ka nemi ɗalibi ɗaya ko biyu na Jami'ar André Salifou da ke unguwarku su riƙa karɓar ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sauran dararen kuma na darasin kuɗi ne, bisa sharaɗin da muka faɗa.

Kawu ba abokin gabar aƙidarka ba ne. Mutum ne da ke kallon 'yar'uwarsa tana tsufa a gaban murhu, ya miƙo abin da yake da shi. Kada ka amsa masa da "a'a" tsirara, kada kuma ka bari ya ji kamar kana raina kasuwa, don kasuwa ce ta raya Damagaram tun zamanin ayarin raƙuma. Ka je har gida ka durƙusa ka gode masa, sannan ka kawo tayi na tsakiya: za ka riƙe masa littafin shiga da fita da na bashi ranakun da ba lakwal, babban hutu kuma daga Yuli zuwa Satumba kana shago gaba ɗaya, ya yanka maka abin da ya ga ya dace. 'Yan kasuwa da yawa a wajen rubuta lissafi suke yin asara, kai kuma nan ne gwanintarka. Batun aure ka roƙe shi ya shige maka gaba a matsayinsa na uba, in zai taimaka da wani abu ka karɓa, wannan ba ambulan ba ne.

Ita kuma yarinyar, maganarta ba ta rashin kunya ba ce, tambaya ce ta mai shirin zama da kai. Ba ta ce ka sayar da maki ba. So take ta san ko a gidanka za a sayi tiyar hatsi kafin a sayi kayen 'ya'yan maƙwabta. Ka zauna da takarda, kamar yadda kake sa yara su yi, ka rubuta abin da ke shigowa da abin da gida biyu za su ci a wata, ka fara da tambayar Inna ainihin abin da take kashewa. Sannan ka faɗa wa yarinyar gaskiya: abin da ba za ka taɓa yi ba ko da za a kwana da yunwa, da abin da ka yarda ka canja, da lokacin da za ka iya fitowa. Ka bar ta ta zaɓa da idonta a buɗe. In ta amince, manya su je su nemi a sa rana, su kuma nemi sassauci a kan kayan al'ada, tun da sadaki shi ne wajibi. In kuwa lissafin ya nuna ba za ka iya ba nan kusa, riƙe ta da "in sha Allahu" marar rana zalunci ne, gara ka faɗa wa iyayenta da bakinka.

Ka ba wannan tsarin daga yanzu zuwa ƙarshen shekarar karatu a watan Yuni, ka kuma ajiye takardunka a shirye don duk lokacin da aka buɗe ɗaukar malamai aikin dindindin. In Yuni ta zo Inna ta rage suya, an sa ranar aure, to ka ci gaba da allinka. In kuwa ka yi iya yinka lissafi ya ƙi fita, ka karɓi shagon Kawu ba tare da jin ka ci amanar kowa ba, ka auna wa mutane mudu cikakke, ka bar wa yaran zaure darensu biyu ko uku. Ka sake rubuto mini bayan ka zauna da Inna, ina so in ji abin da ta ce. Allah Ya yi maka jagora, Ya jiƙan mahaifinku.